Wuni guda a Madina da ƙafa: ina za a je, wane dutse za a hau da dattijo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Fadaman Mada ne a nan Bauchi. In Allah ya yarda ƙarshen watan Oktoba zan raka mahaifina Umra, kuma za mu yi kwana biyar a Madina. Baba shekararsa 68, yana da hawan jini amma yana shan magani, kuma har yau da ƙafa yake zuwa masallaci da kasuwa. Ya ce shi ba ya son ziyarar nan ta bas, wadda ake sauke mutum minti goma a ce ya koma mota. So yake ya taka garin da ƙafarsa, kuma ya hau Dutsen Uhudu. Ta yaya zan tsara mana wuni guda ba tare da na wahalar da shi ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya ƙara wa Baba ƙarfi. In na fahimce ka, kana son sanin inda za ku bi da ƙafa, ko Uhudu zai hawu ga mai shekarun Baba, da kuma yadda za ku yi duka a wuni ɗaya ku dawo masauki ba a kwance ba. Na daɗe ina raka ayarin Umra daga Bauchi, kuma ƙorafin Baba ba baƙo ba ne a kunnena. Ziyarar bas takan tashi wajen ƙarfe takwas, a je Uhudu rana ta fara cizo, a nuna wa mutane Masallacin Ƙiblataini da wurin Yaƙin Gwalalo wani lokaci ta taga, a tsaya Ƙuba a gurguje, sannan a ƙare a gonar dabino, inda ake daɗewa fiye da ko'ina. Mutum ya dawo da leda cike da dabino, amma in ka ce ya nuna maka ta ina Uhudu yake daga Harami, wato Masallacin Annabi, sai ya yi ta juya hannu. Saboda haka ina bayan Baba. Sai dai akwai gyara ɗaya a maganar hawan dutsen, za mu zo kanta.

Zafin da ba a ganin guminsa

Tsayin Madina daga teku kusan ɗaya ne da na Bauchi, mita 600 da 'yan kai, don haka ba za ku ji numfashi ya canza ba. Abin da ya bambanta shi ne ruwa. Bauchi takan samu ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, Madina kuwa ba ta kaiwa 100. Gari ne na dausayi a tsakiyar hamada, baƙaƙen duwatsun aman wuta sun kewaye shi gabas da yamma, waɗanda Larabawa ke kira harra. Karo na ƙarshe da dutse ya yi amai kusa da garin a shekarar 1256 ne, Hijira 654. Irin wannan dutse yana shan rana duk wuni, ya riƙa mayar da ita har bayan magariba. Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan wuce digiri 40 kullum. Ƙarshen Oktoba ya fara sassautawa, safiya da daɗi, amma da rana tsaka har yanzu yana iya kai 35.

Za ka ce ai mu ma muna ganin 40 a Bauchi a watan Afrilu. Haka ne. To amma iskar Madina ta fi kama da hunturunmu a bushewa, ga kuma zafin bazara a kanta. Gumin yana bushewa kafin ya sauko, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba, ya ƙi shan ruwa. Dattawa kuma dama ba sa jin ƙishi da wuri.

Wannan darasi a jikin wani dattijo na koye shi, kuma laifin nawa ne. A shekarun farko na taɓa kai ayari Uhudu ƙarfe goma sha ɗaya na safe, don a lokacin ne mota ta samu. Wani tsoho daga wajen Darazo, manomi ƙaƙƙarfa wanda ya fi ni saurin tafiya, ya hau tudun maharba, ɗan tudun da ke gaban Uhudu, ya sauko lafiya, sai kawai ya zauna a ƙasa jikin katangar maƙabartar shahidai ya jingina kai. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana, duhu ne kawai nake gani." Na miƙa masa gora, ya ture ta, wai shi ko gumi bai yi ba. Da na duba bayan rigarsa, shuɗiyar shadda ce, sai na ga farin zane kamar an yi da alli, daga kafaɗa har ƙugu. Gishirin jikinsa ne ya bushe a kai. Sai da muka kai shi inuwa, muka jiƙa masa hula, ya sha ruwan gishiri da sukari a hankali, sannan ya dawo hayyacinsa. Tun daga ranar ban ƙara barin kowa ya yi tattaki a Madina tsakanin goma na safe da la'asar ba, sai dai cikin sanyin Disamba da Janairu.

Don haka wunin naku gida biyu za ku raba shi: tafiya da sassafe, hawa da yamma, tsakiya kuma a bar wa Harami da barci.

Safiya: Ƙuba

A ƙarshen Oktoba ana kiran asuba a Madina jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, rana ta fito kusan shida da rabi. Ka tuna agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kada ka yi lissafi da wayar da ba ta juya ba. Ku yi asuba a Harami, ku koma masauki Baba ya ci wani abu ya sha maganinsa, ku yi alwala a nan ɗaki, sannan ku fita. Alwalar daga masauki tana da dalili: hadisi ya zo cewa wanda ya yi tsarki a gidansa, ya je Masallacin Ƙuba ya yi salla a ciki, yana da lada kamar na Umra. Kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ka ga burin Baba na takawa da ƙafa yana da tushe.

Daga kudu maso yammacin harabar Harami za ku fita, ta wajen Masallacin Gamama, filin da ake sallar Idi a zamanin Annabi. Ku ɗan tsaya ku dube shi, baƙin dutsen harra aka gina shi da shi, ƙananan masallatan Abubakar da Ali na kusa. Daga nan hanyar Ƙuba ta miƙe kudu, kilomita uku da ɗan ɗoriya, an shimfiɗe ta domin masu tafiya a ƙafa, babu hawa babu gangara, akwai kujerun zama da shaguna a gefe. Matashi zai yi ta a minti arba'in. Da Baba ka ba ta awa ɗaya da kwata, ku zauna sau biyu ko da bai nema ba. Dabarar da nake yi da dattawa ita ce in ce ni ne na gaji, ko in tsaya sayen shayi. Tsohon Bahaushe ba zai taɓa ce wa ɗansa "mu huta" ba. Shayin ma ya cancanci tsayawa, domin na'ana'ar Madina ƙamshinta daban ne, ka ce a sa maka ita, a rage wa Baba sukari. In ƙafa ta gaza a hanya, akwai ƙananan motocin lantarki da ke jigila a kan titin, ana biya kaɗan.

Gab da isa za ku ga Masallacin Juma'a, inda aka yi Juma'ar farko a hanyar Annabi daga Ƙuba zuwa cikin gari, a unguwar Banu Salim. Yawancin motocin ziyara ba sa tsayawa a nan, mai ƙafa ne ke samunsa. Za ku isa Ƙuba wajen bakwai da rabi, rana ta ɗaga, lokacin da aka hana nafila ya wuce, kuma motocin ayari ba su fara turuwa ba. Wannan ne masallacin farko da aka gina a Musulunci. Tun 2022 aka sanar da aikin faɗaɗa shi, don haka kada ka yi mamaki in ka ga shinge da canjin ƙofa. Ku yi raka'a biyu, ku zauna. Kada ka hanzarta shi a nan, ai don wannan zaman ne ya ƙi bas.

Komowa kuwa a mota za ku yi. Baba zai ce zai iya, kuma zai iyan, amma ƙarfin na yamma ake tara wa. Tasi na nan birjik a bakin masallacin, ka yi ciniki kafin ku shiga, ko ka kira ta Uber ko Careem kuɗin ya fito a waya ba gardama. In da sauran kuzari kuma ƙarfe tara ba ta yi ba, ka ce direba ya biya da ku Ambariyya, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz. Turkawan Usmaniyya ne suka jawo layin daga Dimashƙa, fiye da kilomita 1,300, ya iso Madina a 1908 zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, bai daɗe yana aiki ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya lalata shi. An mai da tashar gidan tarihi. Ka tambayi ma'aikatan masauki tun daren jiya ko a buɗe take, in ma a rufe take, ginin da masallacin da ke gabansa sun isa kallo na minti goma.

Daga goma na safe ku kasance a ɗaki. Azahar sha biyu da 'yan mintuna, ku je ta ƙarƙashin manyan lemomin harabar nan, ku dawo ku ci abinci, Baba ya kwanta. Barcin nan yana cikin tsarin, kada wani ya zo ya ce a je kasuwa.

Maganar Uhudu

Ga gyaran da na ce. Abin da mutanenmu ke kira "na hau Uhudu" kusan kullum ba Uhudu suka hau ba. Uhudu kansa dogon jan dutse ne a arewacin gari, kusan kilomita biyar daga Harami, ya miƙe gabas da yamma kimanin kilomita bakwai, ƙololuwarsa mita 1,077 daga teku. Wato daga gindinsa zuwa sama an haura mita 400, a kan dutse tsirara mai ɓarɓashi, babu bishiya babu ruwa. Wanda ya san Zaranda a hanyar Jos ya ƙiyasta irin wannan aiki, sannan ya cire ciyawa da inuwa. Ban yarda ka kai Baba can ba, ko kai ma ban ba ka shawara ba, kuma babu wata ibada da aka ɗora wa hawansa. Abin da ya zo shi ne Annabi ya ce dutse ne da yake son mu muke son sa. Ana kallonsa daga ƙasa ma a so shi.

Wanda ake hawa ɗan tudu ne a gabansa, Jabalur Rumat, tudun maharba. Wanda ya taso yana hawa duwatsun Bauchi irin Warinje zai yi dariya in ya gan shi. Minti biyar zuwa goma an kai sama. Amma a ganina babu wuri a Madina da ya kai shi buɗe wa mutum tarihi, domin daga samansa filin yaƙin gaba ɗaya yana tafin hannunka.

Ka karanta labarin kafin ku tafi, ka ba Baba a can sama, ko ka bar shi ya ba ka in ya fi ka sani. Watan Shawwal ne, shekara ta 3 bayan Hijira, 625 Miladiyya. Ƙuraishawa kusan 3,000, Musulmi kusan 700 bayan munafukai sun janye. Annabi ya sa Uhudu a bayan rundunarsa don kada a zo musu ta nan, ya rage kafa ɗaya, sai ya ɗora maharba 50 a kan wannan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce kada su sauka ko an ci nasara ko an sha kashi. Da suka ga abokan gaba sun juya, mafi yawansu suka sauko ɗibar ganima. Khalid ɗan Walid, a lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da dawakai ta bayan tudun. In ka tsaya a sama ka fuskanci Uhudu, ka juya ka dubi gefen da kwarin ya bi, da idonka za ka ga yadda mutum hamsin suka isa toshe wurin, da yadda mutum goma ba za su iya ba. Na sha karanta wannan a makarantar dare, ban gane shi ba sai ranar da na tsaya a wurin. A ƙasa gabanka ga maƙabartar shahidai cikin katanga, kusan su 70, cikinsu akwai Hamza baffan Annabi da Mus'abu ɗan Umairu. Ku yi musu sallama da addu'a daga bakin shinge. Za ka ga masu ɗibar ƙasa da tsakuwa a leda, da masu rubuta suna a dutse. Jami'an wurin suna hanawa, kada ku shiga cikinsu.

Lokaci: la'asar wajen uku da minti ashirin, magariba kusan shida saura kwata. Ku yi la'asar a Harami, ku ɗauki mota ƙarfe huɗu, tafiyar ba ta wuce kwata zuwa minti ashirin. Ku fara da maƙabarta, ku hau tudun biyar saura kwata, lokacin rana ta yi sanyi kuma dutsen ya ƙara ja. Ku sauko da sauran haske. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko ku yi magariba a Masallacin Sayyidus Shuhada da ke nan wurin, ko ku bar Uhudu biyar da kwata don ku riski Harami, inda salla ɗaya ta fi dubu a wani wuri. Dattawa da yawa ba sa yarda su rasa ko ɗaya a Harami, don haka ka tambayi Baba tun da rana, kada ku yi wannan shawara a kan tudu.

Hawan ba shi ne matsala ba, saukowa ce. Ƙasar ta sha ƙafafu har ta yi sulɓi, ga tsakuwa a kai mai mirginawa. Ku bi gefen da ya fi kwanciya, inda kuka ga mata da yara suna bi, ko da ya fi zagaye. Kai ka kasance a ƙasansa, ya dafa kafaɗarka, ya riƙa sauka a karkace, ƙafa ɗaya ta zauna kafin ɗaya ta tashi. Babbar riga a bar ta a masauki, kaftani mai tsayi ma a tattare shi. Duk targaɗen da na gani a wurin nan, silifas ne ko ƙasan riga ya jawo shi.

Abin da zan bari, da abin da zan ɗauka

Ƙiblataini, inda aka juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba a shekara ta 2, da Masallatai Bakwai a gindin Dutsen Sal'u, inda aka haƙa gwalalo a shekara ta 5 bisa shawarar Salmanul Farisi, duka sun cancanci zuwa. Amma kwana biyar gare ku. Ku ba su wata safiyar a tasi, awa biyu ta isa, kuma Masallacin Fatahu a can yana kan tudu mai matakala, Baba zai sake samun ɗan hawa. Abin da ba zan kashe wa kuɗi ba shi ne Wadil Jinni, inda direbobi ke cewa aljanu na jan mota ta hau tudu da kanta. Gangara ce da ido ke gani kamar hawa. Fiye da awa ɗaya za ku ɓata a hanya zuwa da dawowa don ku ga mota ta gangara.

Takalmi shi ne abu na farko, kuma yanzu za a saye shi, a nan Wunti ko Kasuwar Santara, kambas mai taushi da safa. Baba ya fara sa shi yau, ya riƙa tafiyar minti arba'in bayan asuba har ranar tashi. Sabon takalmi a Madina bororo yake haifarwa, bororo kuma ya bi mutum har ɗawafi da Safa da Marwa, in Makka ce a gabanku. Ruwa kowa gora biyu, ku cika a Harami, a riƙa kurɓa duk kwata ko ba ƙishi. Alamar da nake dubawa fitsari ce: in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu, lema, 'yan dabino, man kaɗanya ko basilin na leɓe da faso, har cikin hanci ma a ɗan shafa saboda haɓo. Katin masauki ya kasance a aljihun Baba, ba naka kaɗai ba. Lambar motar asibiti a Saudiyya 997 ce.

Maganar hawan jini kuwa, ni mai rakiya ne, ba likita ba. Abin da na sani daga aiki shi ne wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, in suka haɗu da bushewar can sai jiri ya zo, musamman in mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya. Ka kai Baba wurin likitansa kafin tafiya, ka gaya masa ƙarara cewa za a yi tafiyar kilomita uku da hawan ɗan tudu a ƙasa mai zafi, shi zai ce ko a canza lokacin sha ko a bar shi yadda yake. Kada ku rage ko ku tsallake da kanku. In kuma a hanya ya ji nauyin ƙirji, ko numfashi ya ƙi komawa daidai bayan an zauna, ko magana ta fara harɗewa, ziyara ta ƙare a nan, asibiti za a nufa.

Saura zaɓen rana. Kada ku sa shi washegarin isowa, jiki bai warware daga jirgi ba. Kada ku sa shi Juma'a, domin ana cika Harami tun hantsi kuma ana toshe hanyoyin kusa. Asabar ita ce ta dace da sunna a Ƙuba, sai dai kowa ya san haka, don haka in ita kuka zaɓa ku fita shida daidai. Sannan ka duba lokacin da manhajar Nusuk ta ba ku na shiga Rauda, wurin da ke tsakanin ɗakin Annabi da mumbarinsa, kafin ka tsayar da ranar, don in ya faɗo ƙarfe biyun dare, safiyar da ke biye ta barci ce, sai a ɗaga Ƙuba zuwa jibi.